Jini a Fitsarin Yaro Ba Alamar Girma Ba Ne

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wata baiwar Allah da ke zaune a wani ƙauye na ƙasar Argungu, a bakin fadama, kuma ga abin da ta rubuto a taƙaice:

"Ɗana na fari shekararsa 11. Tun bayan kaka nake ganin tabon jini a wandonsa, da na matsa masa sai ya ce a ƙarshen fitsari yake ganin ɗigon jini, wani lokaci da zafi. Na gaya wa mahaifinsa, sai ya yi dariya ya ce shi ma ya yi da ƙuruciya, duk sa'o'insa sun yi, alama ce ta yaro ya fara zama namiji, kuma da kansa yake tsayawa. Surukata ta ce zafin rana ne, tana ba shi jiƙo. Na saya masa maganin tsutsar ciki da kafso a kemis a ɓoye, amma ban ga sauyi ba. Yaron ya rame, yana yawan gajiya, malaminsa ya ce barci yake yi a aji. Kullum yana cikin ruwa, ko wajen kamun kifi ko a gonar shinkafa tare da mahaifinsa. Ni ma na daɗe ina fama da ciwon mara da ƙaiƙayi da ɗigon jini bayan kwanciyar aure, na sha maganin sanyi har na gaji, kuma ina tsoron faɗa don kada a yi mini wata fassara. Yaya zan yi in kai shi asibiti ba tare da an ce na raina maigida da mahaifiyarsa ba?"

Malama, Allah ya ba yaron lafiya, ke ma ya yaye miki abin da ke damunki. Abin da kika bayyana, wato jini yana fitowa a ɗigon ƙarshe na fitsari ga yaron da ke wuni a gulbi da fadama, ya yi kama ƙwarai da tsargiya, kuma gwajin fitsari ne zai tabbatar da hakan. Babu wani mataki na balaga da ke zuwa da jini a fitsarin ɗa namiji. Jinin da kika gani a wandonsa daga rauni yake fitowa, raunin kuwa yana cikin mafitsara, inda ido ba ya kaiwa.

Duk da haka, ina so ki fahimci cewa maigidanki ba ƙarya ya yi miki ba da ya ce shi da sa'o'insa duk sun yi. Mai yiwuwa gaskiya ce tsantsa. A garuruwan bakin ruwa, tun daga Argungu da Augie har zuwa Bunza da Bagudo da Yauri, cutar ta daɗe tare da mutane, kuma ta fi bayyana ne a tsakanin shekara 10 zuwa 15, domin a wannan tsakanin ne yaro yake da ƙarfin shiga ruwa da kansa, ya yi iyo, ya ja koma, ya yi dashe, ya kuma koma wanka da rana tsaka. Da yake shekarun sun zo daidai da lokacin da murya ke sauyawa, sai mutane suka haɗa abubuwan biyu suka ɗauka ɗaya ne ke haifar da ɗayan. Ba mutanenmu kaɗai suka yi wannan fahimtar ba, domin manoman bakin kogin Nilu a Masar ma sun daɗe suna ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar girman ɗa namiji, kuma a can Alƙahira ne wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar da ke haddasa shi a 1851. Yawan masu cuta ba ya mayar da ita lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum fiye da miliyan 250 ne ke bukatar maganin wannan cuta, aƙalla kashi 90 cikin ɗari a Afirka suke, Najeriya kuma tana sahun gaba.

Yana da kyau ki san yadda tsutsar take shiga jiki, domin da wannan sanin ne za ki iya yi wa mutanen gidanku bayani ba tare da gardama ba. Idan mai ɗauke da cutar ya yi fitsari a tafki ko a gefen gulbi ko a hanyar ban-ruwa, ƙwayayen tsutsar suna bin fitsarin su faɗa ruwa, su ƙyanƙyashe, abin da ya fito daga cikinsu kuma ya nemi wata ƙaramar katantanwa ya shige jikinta. Idan kika ɗaga ganyen bado ko kika duba ciyawar da ke nutse a gefen ruwan da ba ya gudu sosai, za ki ga irin waɗannan katantanwa a manne, ƙanana ne, da yawansu ba su fi farcen yatsa ba. A cikinsu tsutsar take hayayyafa na tsawon makonni, sa'an nan ta riƙa fitowa dubbai cikin ruwa, musamman idan rana ta ɗaga, a wata siffa mai jela wadda ido da ƙyar yake iya gani. Ba sai an sha ruwan ba, kuma ba sai akwai ciwo a ƙafa ba. Fata lafiyayya take hudawa cikin 'yan mintoci, abin da mutum zai ji bai wuce ɗan ƙaiƙayi ba, wani ma ba ya jin komai. Daga nan sai ta bi jini, ta girma a jijiyoyin hanta, mace da namiji su manne da juna, su gangaro su zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara. Tsawon babbar tsutsa bai wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba, amma tana iya rayuwa shekara 3 zuwa 5, wata ma fiye da haka, kuma kowace rana macen tana zuba ƙwai masu yawa. Tsakanin shigarta jiki da fara ganin ƙwai a fitsari akwai kimanin wata biyu zuwa uku, wannan ne ma ya sa yaron da ya sha aikin ruwa da damina sai bayan kaka ake ganin jinin, kamar yadda kika lura.

Ƙwan ne ke yin ɓarnar, ba tsutsar kanta ba. Kowane ƙwai yana da tsini a ƙarshensa, kuma dole ya ratsa bangon mafitsara kafin ya faɗa cikin fitsari. Idan mafitsara ta matse a ƙarshen fitsari don ta fitar da abin da ya rage, sai wuraren da suka ji rauni su zubar da jini, shi ya sa ɗigon ƙarshe ne ke yin ja. Ƙwai da yawa kuma ba sa samun fita, sai su maƙale a cikin nama, jiki ya kewaye su da kumburi, daga baya wurin ya zama tabo mai tauri.

A nan ne maganar maigidanki cewa "da kansa yake tsayawa" take da hatsari, domin rabinta gaskiya ne. Lallai jinin da ake gani yakan ragu ko ya ɓace idan mutum ya girma, saboda yana rage wasa a ruwa, jikinsa yana samun ɗan ƙarfin kariya, bangon mafitsara kuma yana yin kauri ta yadda ƙwai ba sa ratsawa da sauƙi. Amma ɓacewar jinin ba ita ce warkewa ba. Tabon da ke taruwa shekara da shekaru yana iya ƙuntata bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, kuma duk manomin shinkafa ya san abin da ke faruwa idan laka ta toshe hanyar ban-ruwa: ruwan ba ya ɓacewa, baya yake komawa ya taru inda ba a so. Haka fitsari yake komawa ya kumbura ƙoda a hankali, sau da yawa ba tare da wani ciwo mai tayar da hankali ba, har sai ta raunana. Bayan wannan, hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon dajin mafitsara, wanda yakan bayyana bayan shekaru masu yawa, lokacin da mutum ya manyanta ya manta ma ya taɓa fitsarin jini. Saboda haka, a ganina, maigidanki da kansa ya cancanci gwaji, tun da ya yi cutar da ƙuruciya, ba a ba shi magani ba, kuma har yanzu sana'arsa a cikin ruwa take. Ba na faɗi haka don in tsorata ki ba ne. Yawancin masu tsargiya ba sa kaiwa ga waɗannan matsaloli, kuma a jikin yaro mai shekara 11 raunin mafitsara yakan warke sosai cikin watanni bayan shan maganin da ya dace. Wannan shi ne dalilin da ya sa gaggawar take da amfani yanzu, tun nama bai yi tauri ba.

Ramar da gajiyar da barcin aji kuwa ba lalaci ba ne, kada a dake shi a kansu. Yaron da ke zubar da jini kaɗan-kaɗan kowace rana, jikinsa kuma yana fama da kumburi a ciki, jininsa yakan yi ƙasa, ci ya ragu, girma ya tsaya, hankali ya kasa tsayawa a kan karatu. Ki ja fatar idonsa ta ƙasa ki duba, ki kuma duba tafin hannunsa, idan kin ga sun yi fari fat maimakon ja, to jinin ya ragu sosai. Kuma sau da yawa tsargiya ba ita kaɗai take zama a jikin irin wannan yaro ba. Akwai tsutsar hanji mai shan jini wadda ke shiga ta tafin ƙafa idan ana yawo ba takalmi a ƙasa mai danshi inda ake bayan gida a fili, ga kuma zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ma yake farfasa jini. Akwai ma wata irin tsargiyar da ke zama a jijiyoyin hanji, wadda ke kawo ciwon ciki da jini a bayan gida, idan ta daɗe kuma ta kumbura hanta da saifa. Don haka idan kun je asibiti, ki roƙa a haɗa da gwajin bayan gida da awon jini, kada a tsaya ga fitsari kawai.

Game da magungunan da kika saya, niyyarki mai kyau ce, amma ba su ne maganin wannan cuta ba. Abin da ake ba da shi a kemis da sunan maganin tsutsar ciki, galibi albendazole ne ko mebendazole, kuma aikinsu a kan tsutsotsin hanji ne, ba sa kashe tsutsar tsargiya da ke kwance cikin jijiyar jini. Kafso kuwa na ƙwayoyin cuta ne na wani jinsi daban, shan sa barkatai kuma yana da tasa illar. Maganin tsargiya sunansa praziquantel, kuma ana auna shi ne da nauyin mutum, miligiram 40 ga kowane kilo ɗaya. Ƙwayar tana da miligiram 600, ke nan yaron da ke da kilo 30 ƙwaya biyu zai sha a lokaci guda. Na kawo wannan lissafin ne don ki gane dalilin da ya sa dole a ɗora shi a kan sikeli, ko a tsayar da shi jikin sandar awon tsayi da masu rabon magani ke yawo da ita, ba don ki je ki auna da ido ba, domin wanda ya sha ƙasa da ƙima ya sha ɗaci a banza. A tabbata ya ci abinci ya ƙoshi kafin ya sha, ya haɗiye da ruwa kada ya tauna, saboda yana da ɗaci ƙwarai. Yana iya jin jiri ko tashin zuciya ko murɗar ciki na 'yan awoyi, musamman idan tsutsar ta yi yawa, kuma wannan yakan wuce da kansa. Ki sanar da surukarki wannan tun kafin a ba shi, domin a garuruwa da yawa abin da ke sa iyaye su ƙi maganin shi ne sun ga yaro ya sha da yunwa ya yi jiri, sai labari ya bazu cewa maganin na cutarwa.

Akwai abu biyu da maganin ba ya yi. Ba ya kashe ƙananan tsutsotsin da ba su daɗe da shiga jiki ba yadda yake kashe manya, shi ya sa likita kan iya cewa a maimaita bayan wasu makonni, kuma idan ya faɗi haka a bi. Sa'an nan ba rigakafi ba ne, wanda ya sha yau ya koma ruwan gobe zai iya sake ɗauka.

Ga yadda za ki shirya zuwa gwajin. An fi samun ƙwai a fitsarin da aka yi tsakanin ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana, saboda haka kada ki tara na asuba a kwalba ki tafi da shi. Idan an ba shi kwalbar a asibiti, ki gaya masa ya tabbata ɗigon ƙarshen nan, wanda yake jin kunyarsa, ya shiga ciki, domin a nan ƙwan ya fi yawa. Za a tsoma wata 'yar takarda da ke sauya launi idan akwai jini, ko da wanda ido ba ya gani ne, sa'an nan a duba a madubin likita a nemi ƙwan mai tsini. Babban asibitin Argungu ya isa wannan aikin, idan kuma aka ga bukatar hoton ƙoda da mafitsara, za a iya yi ko a tura ku Birnin Kebbi. Ki gaya wa likita dukkan abin da yaron ya sha, har da jiƙon da kafson, kada ki ɓoye don kunya. Amma idan kika ga fitsarin gaba ɗaya ya koma baƙi-baƙi kamar ruwan shayi, ko fuska da ƙafafu sun kumbura, ko fitsarin ya ragu ƙwarai ko ya ƙi fita, ko zazzaɓi mai zafi ya zo da ciwon kwiɓi, ko ƙafafunsa sun fara rauni, to wannan ba na jiran ranar kasuwa ba ne, a tafi asibiti a ranar, domin akwai wasu cututtukan ƙoda da na jini da ke sauya launin fitsari, kuma wasunsu ba sa jira.

Yanzu ga ainihin tambayarki, wadda ta fi ta magani wuya. Shawarata ita ce kada ki buɗe maganar da cewa maigida ya yi kuskure ko jiƙon Inna ba shi da amfani, kuma kada ki yi ta a gaban mutane. Namijin da aka ƙure a gaban mahaifiyarsa zai kare matsayinsa ko da ya gane gaskiya. Ki same shi shi kaɗai, a lokacin da hankalinsa ke kwance, ki fara da abin da shi ma yake gani da idonsa, wato yaron ya rame, ba ya iya aikin da yake yi bara, kuma malami ya kawo ƙara. Ki nemi izini a kan abu ɗaya ƙarami, a je a auna jininsa da fitsarinsa, idan ba a ga komai ba hankalin kowa ya kwanta. Ya fi kyau ma ki roƙe shi shi ya kai yaron da kansa, domin idan mai gwajin ya nuna masa sakamakon, ko ya bar shi ya leƙa madubin ya ga ƙwan da idonsa, to ba sauran maganar mace ta fi shi sani, shi ne uban da ya gano abin da ke damun ɗansa. Sayen magani a ɓoye kuma ki daina, domin ranar da aka gane, maganar za ta tashi daga lafiyar yaro ta koma kan amana.

Idan ya ce ai haka aka saba, ki tuna masa da kurkunu. Duk wanda ya kai shekara arba'in a ƙasar nan ya san lokacin da kurkunu ke kwantar da manoma da damina, ana naɗe tsutsa a tsinke kaɗan-kaɗan, kuma mutane sun ɗauka abu ne da ba ya rabuwa da ƙauye. A 1988 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Najeriya. Da aka gane daga ruwan sha yake, aka raba ƙyallen tace ruwa, aka haƙa rijiyoyi, aka hana mai ciwon shiga tafki, tsohon shugaban ƙasa Yakubu Gowon ma ya yi ta zagaya ƙauyuka a kan lamarin, sai ga shi an ga mai cutar na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Najeriya ta rabu da shi. Yaranku ba su ma san kamanninsa ba. Surukarki ta fi ki sanin wannan tarihin, kuma idan kika tambaye ta cikin ladabi ta ba ki labarin kurkunu, za ki iya samun hanyar shigar da maganar tsargiya ta bakinta. Ki gode mata a kan jiƙon, domin kulawa ce ta sa take yi, amma ki roƙa a dakatar da shi har a ga likita. Jinin tsargiya dama yana zuwa yana ɗaukewa, shi ya sa duk abin da aka sha a ranar da ya ɗauke sai a ce shi ya yi aiki, alhali tsutsar tana nan. Idan duk wannan bai yi ba, ki nemi wanda maigidan ke jin nauyinsa, ko yayansa, ko limamin unguwa, ko malamin asibitin garinku. Malamai sun san ingantaccen hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, kuma wannan hanin shi ne daidai wurin da ake yanke zagayen wannan cuta, domin idan ƙwai bai faɗa ruwa ba, katantanwa ba ta da abin da za ta yaɗa.

Ki kuma tambayi shugaban makarantar yaron ko malamin asibiti lokacin da ake rabon maganin tsargiya a yankinku. Gwamnati tare da ƙungiyoyin agaji suna raba praziquantel kyauta ga yara 'yan makaranta a wuraren da cutar ta yi yawa, kuma tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa inda cutar ta kama kashi 10 cikin ɗari ko fiye, a riƙa bai wa kowa daga shekara 2 zuwa sama sau ɗaya a shekara. Sai dai kada ki jira rabon, tun da ɗanki ya riga ya nuna alama. Ƙannensa ma a gwada su, har da mata, domin rashin ganin jini da ido ba ya nufin ba su ɗauka ba.

Ba zan ce miki a hana shi shiga ruwa gaba ɗaya ba, domin na san wanda abincinsa ke fadama ba a ce masa ya ƙaurace wa ruwa, kuma shawarar da ba za a iya bi ba ɓata baki ce. Abin da za a iya shi ne a rage. Wankan nishaɗi da iyo da rana tsaka a tafki ko a gefen gulbi mai ciyawa su ne mafi hatsari, kuma su ne mafi sauƙin bari. Aikin da za a iya yi da sassafe a yi shi da sassafe, ko da yake wannan ragewa ce kawai, ba kariya cikakkiya ba. Dogon takalmin roba yana taimakawa wajen dashe da cire ciyawa idan ruwan bai wuce shi ba. Ruwan wanka da wanki, idan ba na rijiya ko na burtsatse ba ne, a ɗebo shi a ajiye a randa ko jarka kwana biyu cur kafin a yi amfani da shi, domin tsutsar da ta fito daga katantanwa ba ta wuce wannan tsawon a raye idan ba ta sami fata ba, ko kuma a tafasa shi a bar shi ya huce. A koya wa yara su yi fitsari kafin su sauka ruwa, nesa da gaɓa. Tun da kuma sana'ar gidanku ba ta rabuwa da ruwa, ku ɗauka cewa shan maganin zai zama abin maimaitawa duk shekara bisa shawarar ma'aikatan lafiya, ba abin yi sau ɗaya a manta ba.

Na bar maganarki a ƙarshe ne ba don ta fi ƙanƙanta ba, sai don tana bukatar natsuwa. Macen da ta tashi a bakin ruwa, tana wanki da wanke-wanke da ɗiban ruwa a gulbi tun tana yarinya, tana iya ɗaukar wannan tsutsa kamar yadda ɗa namiji ke ɗauka, kuma ƙwan ba a mafitsara kaɗai yake maƙalewa ba, yana zama a bakin mahaifa da al'aura da bututun ƙwai. Alamominsa su ne irin waɗanda kika lissafa, ciwon mara, ƙaiƙayi, fitar ruwa, zafi ko jini bayan kwanciyar aure, kuma an ƙiyasta cewa mata da 'yan mata kimanin miliyan 56 ne ke ɗauke da wannan nau'in a Afirka kudu da Sahara. Da yawansu shekaru suke yi ana ba su maganin sanyi, wasu ma a zarge su da abin da ba su aikata ba, domin hatta ma'aikatan lafiya ba kowa ne yake kawo tsargiya a ransa ba idan mace ta zo da irin wannan ƙorafi. Ki riƙe wannan da kyau, ki kuma faɗa wa maigidanki idan bukata ta taso: tsargiya ba a ɗaukarta ta hanyar kwanciya, ba ke kika sa masa ba, ba shi ya sa miki ba, daga ruwa take.

Amma kada ki yanke wa kanki hukunci cewa tsargiya ce ki je ki sayi magani. Jini bayan kwanciyar aure alama ce da dole a duba bakin mahaifa a kanta, domin ciwon dajin bakin mahaifa ma da haka yake farawa, kuma ana maganinsa idan an gano shi da wuri, ga kuma wasu cututtukan da ke bukatar a yi wa mata da miji magani tare. Ki je sashen mata na babban asibiti, ki nemi ma'aikaciya mace idan hakan zai fi miki sauƙi, ki faɗa mata da bakinki cewa a bakin ruwa kike zaune, ɗanki yana fitsarin jini, kuma kin sha maganin sanyi sau da yawa bai yi ba. Gwajin fitsarinki yana iya fitowa babu ƙwai alhali cutar tana bakin mahaifa, don haka dubawar ido ta ƙwararriya ita ce muhimmiya. Idan kina da ciki ko kina shayarwa ki sanar, ana ba masu shayarwa praziquantel, masu ciki kuma bayan wata ukun farko. Maganin zai kashe tsutsar ya hana sabon ƙwai taruwa, sai dai tabon da ya daɗe a jikin babbar mace ba lallai ya goge duka ba, shi ya sa 'ya'yanki mata suke bukatar maganin tun suna ƙanana. Ranar da za a kai yaron, ki roƙi maigida ku tafi tare a duba ku duka, ki kuma tambayi likita ranar da za ku dawo a sake gwajin fitsarin yaron, ki rubuta ta a bayan katin asibitin.